Gaisuwa a Bakin Layi

"Ban ba ɗan wasa ɗiyata. Na hwaɗa, na sake hwaɗa, in kuna so in rubuta muku ku kawo biro."

Haka Baba ya ce ranar Alhamis da hantsi, yana zaune kan darduma a falonsa, shayinsa na gabansa ko kurɓa bai yi ba. Ina durƙushe a bakin ƙofa, Inna na gefe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, aiki ne fa," na ce. "Duk wata ana biyansu albashi, da takardar kwantiragi da komai."

"Aiki? Haba Uwata! Ƙato da gemunsa shi sa gajeren wando, gwiwa waje, shi riƙa jefa balo cikin kwando marar gindi. Shi jefa shi hwaɗo, shi sake jefawa shi hwaɗo. Wannan ne aiki?"

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sauran mutane kuwa Mufida suke kira. Wallahi da a ce wata rana ce da na yi dariya, don Inna ma sai da ta kau da kai ta toshe baki. Amma ni hawaye ne suka zubo mini shar.

Wanda ake magana a kansa Shafi'u ne, Dogon Bugaje, mai riga lamba tara a ƙungiyar Barewar Jibiya. Bana ne aka fara gasar ƙwallon kwando ta Kofin Iyaka, ƙungiyoyi shida kacal daga garuruwan yankinmu, kuma a karon farko ana biyan samari don su yi wasan. Da aka zuba siminti aka kafa ƙarafan nan biyu a bayan tsohuwar tasha, gari dariya ya yi ta yi. Kafin mako na huɗu kuwa, 'yan kabu-kabu sun san jifan maki uku, masu shayi suna musu kan alƙalin wasa kamar a cikin filin aka haife su. Ni ma'aikaciyar jinya ce, asibitinmu ya tura ni teburin agajin gaggawa a bakin fili. Nan na ɗaure wa Shafi'u idon sawu ranar wasan farko, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

"Ni ban yi miki tilas," Baba ya ci gaba. "Shekarunki ashirin da huɗu, da aikinki. Ranar Lahadi magabatan Abdulfatah za su zo jin amsa. In kin ce a'a, shi ke nan, a'a ce. Amma wancan dogon, ki cire shi daga ranki."

"Mi ya yi maka ne, Alhaji?" Inna ta sa baki a hankali. "Yaron nan ɗan mutunci ne, ubansa manomi ne kowa ya san shi a Bugaje."

"Ɗan mutunci? Wata biyar yana zuwa ƙofar gidana, ya taɓa tsayawa ya gaishe ni? Da ya hango motata sai shi ɓace."

"Kunya ce, Baba!"

"Kunya ko girman kai? Abdulfatah ya hwaɗa mini komai. A fili dukan ƙirji yake yana ihu, yana lilo jikin ƙarfe. Can bai jin kunyar mutum dubu, sai ni tsoho ɗaya?"

Abdulfatah! Na ji sunan nan raina ya ƙara ɓaci. Shi ne mai fitar wa Baba takardun motocin aya da wake a bakin boda, tsakanin kwastan na nan da duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka. Ya iya aikinsa, ban hana shi ba. Amma mutum ne da turarensa ke riga shi shiga ɗaki, makullin mota kullum na juyawa a yatsa, kuma bai taɓa buɗe baki ya yabi wani ba sai kansa. Na tsane shi? A'a. Ba na son shi ne kawai, kuma sau uku ina gaya masa.

Na tashi na shige ɗaki na kifa kai a filo na yi kuka mai isata.

Washegari Juma'a bayan la'asar Shafi'u ya zo. Yana zaune kan dakalin ƙofar gidanmu cikin farar kaftani, ya cire takalma ya ajiye gefe, ƙafafun nan sun miƙe har kusan bakin kwata. Yana ganin idanuna ya san ba lafiya.

"Likita, wa ya taɓa mini ke?"

Na zauna nesa da shi na kwashe komai na gaya masa.

"To in bar wasan," ya ce. "Gobe in miƙa wa Koci Rabe rigarsa in koma gona. Wallahi Mufida na fi son ki da ƙwallo."

"Ka bari ka ce don ni? Bayan shekara biyu kana jin ihun fili daga gona ka riƙa kallona kana tsaki? Ban yarda ba."

"To ya kike so in yi?"

"Ka gaishe shi kawai! Ka tsaya, ka durƙusa, ka ce Baba ina wuni. Mi ke da wuya a nan?"

Ya share zufa da hula. Mutumin da ke tare ƙattin Funtuwa da ƙirji, wai shi ne gaisuwa ta fi ƙarfinsa.

"Ba za ki gane ba. A gidanmu ko yayana da ya yi shekara goma da aure bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, ta bayan gari yake zagayawa. Ni da na hango Alhaji ƙafafuna ke mutuwa. In ce masa mi? Ga ni, ni ne mai son ɗauke maka ɗiya?"

"To ka zauna da kunyarka, jibi a ba Abdulfatah amsa." Sai kuka ya ƙwace mini. "Ni ba zan aure shi ba, amma kai ma ba za a ba ka ni ba. Haka zan zauna ina kallonka daga teburin bandeji har in tsufa? Ka ji tausayina mana, Shafi'u."

"Daina kuka, don Allah daina. Na yi miki alkawari, yau ɗin nan in ya dawo zan tsaya. Ko zan suma sai na gaishe shi."

Bai rufe baki ba muka ji hon ɗin motar Baba daga kan kwana.

Na waiga in ce masa ga dama ta samu. Ina! Babu kowa a kan dakali. Sai bayan farar kaftani na hango tana shan kwanar lungun masu awara, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Baba ya fito daga mota, Abdulfatah na biye da shi riƙe da jakarsa. Baba ya tsaya kan takalmin da aka bari ya daɗe yana kallo.

"Wannan takalmi ne ko kwale-kwale?"

Abdulfatah ya tuntsire da dariya har da dafa mota.

"Ka gani ko, Alhaji? Ai ba a nan za ka gane shi ba. Gobe suna da wasa da 'yan Funtuwa. Ka bari in kai ka ka gani da idonka, kada a ce ƙarya nake masa."

Baba ya dube ni, ya dubi takalmin.

"Allah shi kai mu," ya ce, ya shige gida.

Na kira Shafi'u ya fi sau goma bai ɗaga ba, kunyata yake ji. Da safe kuma wayar a kashe, don Koci Rabe karɓe wayoyinsu yake yi ranar wasa ya zuba a leda ya ƙulle.

Ranar Asabar filin ya cika maƙil. Har 'yan Magama da 'yan Kusa sun zo a bayan a-kori-kura, ga direbobin Maraɗi da ke jiran takardu sun bar motocinsu sun taho kallo. Wasa biyu suka rage wa Barewa, in ta ci ɗaya ta shiga sahun huɗun ƙarshe. Kowa yana so a gama magana yau.

Na zauna a teburina, dab da rumfar manyan baƙi, idona ba ya kan fili sai kan ƙofa. Aka gama zango na farko, babu Baba. Aka tafi hutun rabin lokaci aka yi sallar la'asar aka dawo, babu shi. Na fara cewa alhamdu lillahi, ya fasa.

Ana shiga zangon ƙarshe sai ga turaren Abdulfatah.

Yana gaba yana buɗa hanya, Baba na baya cikin babbar riga ruwan toka, fuskar nan a murtuke. Da yake Baba dattijo ne a ƙungiyar 'yan kasuwa, nan da nan aka tashi wani aka ba shi kujerar gaba, wadda ke dab da layin fili, kusa da abokinsa Alhaji Manu mai goro. Shafi'u bai gani ba. In yana wasa ko uwarsa ce ta shigo ba zai sani ba.

Kamar da gangan, a daidai lokacin ya ƙwace ƙwallo ya ruga ya yi tsalle ya danna ta cikin kwando, ya kama ƙarfen ya yi lilo, ya diro ya daki ƙirji ya kurma ihu. Fili ya ɗauka. Ni kuwa na dafe kai na ce shi ke nan, ya kashe mu.

"Ka gani, Alhaji?" in ji Abdulfatah, bakinsa har kunne. "Mai kunyar ke nan."

Baba ya ƙura wa fili ido. Can na ji ya karkata wajen Alhaji Manu.

"Wannan nawa aka ba su?"

"Biyu. In daga bayan wancan layin ne, uku."

"To don mi ba su tsaya can su yi ta jefa uku ba?"

"Ai wuya gare shi, Badamasi. Kai dai kalla."

Baba ya yi tsaki ya gyara zama. Amma ina lura da shi. Da 'yan Funtuwa suka jefa uku, sai na ga ya ciji leɓe. Da wani ƙatonsu ya bangaje ɗan ƙaramin ɗan wasanmu, alƙali bai hura ba, sai na ji muryar Baba sama da ta kowa.

"Kai! Ba ka gani ba? Ture shi ya yi!"

Ya farga da kansa, ya yi gyaran murya ya jawo carbi.

Wasa ya yi zafi har aka zo saura sakan tara. Funtuwa sittin da takwas, mu sittin da bakwai. Ƙwallo ta fita daga hannun ɗan Funtuwa, ta gangaro ta tsaya daidai gaban rumfar manyan baƙi. Tamu ce. Dokar kuwa ko yaran gari sun haddace ta: da alƙali ya miƙa maka ƙwallo a bakin layi, sakan biyar gare ka ka jefa wa ɗan uwanka, in ka wuce ta zama ta abokan hamayya.

Koci Rabe ya daka tsawa, "Dogo, kai za ka jefo!"

Shafi'u ya taho da baya da baya yana nuna wa 'yan uwansa inda za su tsaya. Alƙali ya miƙa masa ƙwallo ya ɗaga hannu ya fara ƙirga. Shafi'u ya ja da baya taku ɗaya don ya sami sarari, sai ya taka bakin babbar riga. Ya waiga ya ba da haƙuri.

Suka haɗa ido da Baba.

Jama'a, ban taɓa ganin dogon mutum ya naɗe da sauri irin haka ba. Kafin ƙiftawa ya zube ƙasa ya durƙusa, ƙwallo a hammata, hannu ɗaya yana jan gajeren wandon yana son rufe gwiwa, kai a sunkuye.

"Baba, barka da yamma."

Baba kuma dattijo ne, an gaishe shi, ya zai yi?

"Barka kadai, samari."

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali? Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutanen Bugaje?"

"Suna lafiya, Baba, suna gaishe..."

Fiiit!

Alƙali ya hura usur ya nuna wa Funtuwa. A lokacin Shafi'u har ya kai hannu yana kwance igiyar takalmi zai cire.

Fili ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya fashe. Wasu na salati, wasu na zagi, wasu sun faɗi ƙasa don dariya. Koci Rabe ya cire hularsa ya jefar ya bi ta ya tattake. Direbobin Maraɗi suna ta buga cinya suna cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba ko a talabijin. Alhaji Manu ya juyo ya kama hannun rigar Baba.

"Badamasi, ka kashe mu! Ka ce masa lafiya lau ka yi shiru mana! Mi ya kai ka tambayar mutanen Bugaje?"

"To ya gaishe ni in ƙi tambayar gida?" Baba ya ce, ya dubi Shafi'u da har yanzu ke durƙushe. "Kai tashi mana! Tashi ka tare su!"

Ya tashi, amma sakan tara ba su da yawa. 'Yan Funtuwa suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo har aka tashi. Mun faɗi da maki ɗaya.

Ledojin ruwa suka fara sauka cikin fili. Shafi'u ya tsaya shi kaɗai a tsakiya, kai a ƙasa, wata leda ta fashe masa a kafaɗa bai ko motsa ba. Na ji kamar in ruga in tsaya gabansa. Ina kuka ina haɗa bandeji, Abdulfatah kuwa dariya har da hawaye.

"Alhaji, ka ga sakarcin da nake gaya maka ko? Ƙato ya zubar da wasan gari guda saboda gaisuwa!"

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya dubi Abdulfatah sama da ƙasa. Ya juya ya ce wa Alhaji Manu, "Kai za ka sauke ni gida."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Yaran unguwa suna durƙusa wa juna a kan titi da ƙwallon tsumma a hammata suna "ya iyali, ya gajiya". Inna na tsakar gida tana tankaɗe, tana ganina ta saki rariya ta riƙe ciki.

"Wai da gaske har takalmi zai cire?"

"Inna, dariya ma kike yi? An jefe shi fa! Gari duk ya tsane shi, Baba kuma ya ga abin da ya je gani."

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Shafi'u ne, layi biyu: "Na cika alkawari na gaishe shi, amma na kunyata ki gaban duniya. Ki yafe mini, ba zan ƙara zuwa ƙofar gidanku in jawo miki abin magana ba."

Na zauna kan turmi na fashe da sabon kuka. Inna ta daina dariya ta zo ta dafa ni.

Bayan sallar magariba Baba ya dawo daga masallaci ya aiko a kira mu. Na shiga na durƙusa inda na durƙusa shekaranjiya, idanuna sun kumbura. Wayarsa na gefe tana ta ruri, ya kife ta.

"Mutum goma sha ɗaya suka tare ni a masallaci," ya ce. "Har liman. Wai ni na kayar da Jibiya."

Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan ya san dokar sakan biyar ɗin?"

"Ya sani, Baba. Shi ke koya wa sababbi."

"Ya san in ya tsaya gaishe ni za su hwaɗi?"

"Ya sani."

Baba ya ja carbi.

"Shekara talatin ina bakin bodar nan," ya ce a hankali. "Na ga masu durƙusa mini iri-iri. Kowa ya durƙusa, akwai abin da zai samu in ya tashi. Yau na ga wanda ya durƙusa ya rasa komai, gari na kallonsa, kuma bai gajarta gaisuwar ba."

Ya dubi Inna.

"Hasiya, gobe in mutanen Abdulfatah sun zo a yi musu abinci mai kyau, ni zan ba su haƙuri da bakina. Ke kuma Uwata, ki ce wa dogon nan shi turo magabatansa."

Ban san lokacin da na rarrafa na kama ƙafafunsa ba. Ina kuka ina dariya ina "Allah ya ƙara girma, Baba, Allah ya ja kwana," har ya fara ture ni yana cewa in sake shi in tafi. Na miƙe na yi ƙofa da gudu, waya a hannu, ina neman lambar Shafi'u.

"Tsaya!"

Na tsaya cak.

"Wasan da ya rage, yaushe ne?"

"Asabar mai zuwa, Baba. Da 'yan Daura."

"To ki hwaɗa masa zan zo. Can baya zan zauna cikin 'yan kabu-kabu, in ja hula in rufe fuska. In kuma tsautsayi ya sa ya gan ni, na yafe gaisuwar duniya da lahira. Shi jefa balon nan, don Allah, in samu in shiga masallaci lafiya."